Haƙorin Kalevi

Ƙarfe tara na dare a Oulu,
rana ta faɗi tun biyu da rabi.
Na tuɓe zobe, na tuɓe agogo,
na ajiye makullin keke a bakin ƙofa,
don maganaɗisun nan ba ya barci,
ba ya kuma yafe wa ƙarfe.

Yau ba mutum zan shigar ba.
Turmin haƙori ne guda, na ƙasa, na hagu,
cikin 'yar kwalba kamar ta turare.
Likita Marketta ce ta cire shi ran Talata,
ta naɗe a auduga ta ce,
"Na mahaifinki ne, Aulikki,
ya sa hannu a takarda, ya ce a ba ki."

Na'urar nan ruwa take ji.
Ta kira nama, nama ya amsa a tsanake,
ta kira ɓargo, ya ja zance har ya gundure ta.
Haƙori kuwa, da ƙashi ɗan'uwansa,
kafin ta buɗe kunne sun gama magana.
Amsarsu ba ta kai ƙiftawar ido ba,
ko ƙiftawar an raba ta gida dubu.
Shi ya sa shekara da shekaru
suke fitowa baƙi ƙirin a kan allo,
kamar ramin da aka haƙa a ƙanƙarar tafki.

Shekara huɗu muna koya mata hanzari,
ni da Tapani mai tari da shayinsa mai sanyi:
ta kira, ta kasa kunne nan take,
ta cafke raɗar fosforas
tun ba ta mutu a leɓe ba.

Ta fara bugu, ƙwan, ƙwan, ƙwan.
Na zauna ina cin busasshen burodi.

Kalevi ya yi shekara arba'in yana jan itace a daji.
Da wannan haƙori ya tsinke zaren fatsa,
ya ɓare safar hannu in yatsu sun daskare,
ya datse kuka ranar da aka binne Inna.
Ban taɓa jin ya haɗa jimla uku a jere ba.
In ka tambaye shi lafiya,
sai ya dubi sama ya ce za a yi sanyi.

Hoton ya fito a hankali, layi bayan layi.
Ga farin saman nan, dutse ne, ya cika ya batse,
ma'adini ya tsaya kafaɗa da kafaɗa,
ruwa bai sami wurin sa ƙafa ba,
don haka ko yanzu da ƙyar yake amsawa.
Amma can gefe, inda ya jingina da maƙwabcinsa,
ga wani ɗan haske kamar fitilar gida a nesa.
Nan ne kalsiyam ya zare jiki,
ya bar ƙofofi ƙanana, ruwa ya shige,
nan ne kuma muryar ta fi tashi.

Na daɗe ina kallonsa.
Tun da ƙugunsa ya karye bara
ƙashinsa ya zama kamar saƙar zuma,
tun nan ya fara kirana da dare
yana ba ni labarin wani doki mai suna Rusko,
da bashin da bai biya ƙanensa ba.

Na auna, na rubuta lamba a littafi:
samfur na sittin da biyu, namiji, shekara tamanin da ɗaya.

Waya na can a bakin ƙofa tare da makullin keke.
Ta cikin gilashi na hango ta kawo wuta.
Na san shi ne.
Ban ma sa agogona ba, na ɗauka.